Gaisuwar da Na Yi wa Isuhu a Shagon Hajiya Rabi

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin nan ba, ranar da bakina ya riga hankalina a wani shagon atamfa da ke titin 125th Street, a unguwar Harlem. Ku sababbin ma'aikata nake ba labarin, kuma da izinin mai shi. Na canja sunansa da duk abin da za a iya gane shi da shi.

A lokacin ina shekara ta biyu a wannan kilinik, ban samu cikakken lasisi ba tukuna. Ga wanda bai san tsarin ba, idan ka gama karatun taimakon masu damuwa ta hanyar tattaunawa, ba a sakar maka aiki kai kaɗai. Kana ganin mutane, amma duk mako sai ka zauna da sufabaiza ku bi aikinka ɗaya bayan ɗaya. Tawa wata dattijuwa ce haifaffiyar Harlem, muna kiran ta Misis Doris. Tsarin gidan nan kuwa kun sani: wanda ya shigo, ko namiji ne mai son namiji, ko mace mai son mace, ko wanda jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa bai zauna masa ba, ko masu zaman soyayya irin wanda ba a saba gani ba, ba ma ɗaukar hakan a matsayin cutar da za a cire masa. Abin da ke damun sa muke dubawa.

Isuhu mutumin Maradi ne, ya ɗan haura talatin, yana lodin kaya a filin jirgin JFK, yana zaune a unguwar Jamaica gidan yayansa. Likita ne ya turo shi, saboda rashin barci da ciwon ƙirji, alhali an auna zuciyarsa an ga lafiya lau take. Mai jin Faransanci ya nema, ba mu da shi, sai aka ba ni shi. Da ya shigo ofishina ya ga mayafina, ya karanta sunana a jikin ƙofa, sai ya tsaya bai zauna ba.

"Hajiya, ke Bahaushiya ce?"

"Daga Zariya," na ce.

"To ki yi haƙuri, an yi kuskure. Ni ba zan iya ba."

Na ce masa yana da damar a canja masa wani, kuma ba wanda zai tambaye shi dalili. Amma kafin ya fita ya bari in gaya masa ƙa'ida, don duk wanda aka ba shi ita zai bi. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake tsayawa, sai dai in ran wani na cikin haɗari. Ko mijina bai san waɗanda nake gani ba. Idan kuma muka haɗu a waje, a masallaci ko wajen suna, ba zan gaishe shi ba sai shi ya fara gaishe ni.

Ya ɗan yi murmushi. "A garinmu wannan rashin tarbiyya ne."

"A namu ma haka. Amma a nan kariya ce gare ka."

Ya zauna. Mako uku ba mu yi maganar komai ba sai barci da gajiyar aiki. A mako na huɗu, yana kallon takalminsa, ya ce, "Hajiya, ni ba mata nake so ba. Akwai wanda muke tare, shekara biyu ke nan. Namiji ne." Daga baya ya gaya mini wa'azi yake jira.

Na tambaye shi, "Yana kyautata maka?"

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na san abin da aka koya mini tun ina ƙarama, kuma kalmomin da harshenmu ya ba ni don wannan magana kusan duk na zagi ne. Na kai wa Misis Doris wannan. Ta ce da ni, da Turanci, ba a ɗauke ni in zama limaminsa ba, ba a ɗauke ni in zama uwarsa ba. Masu gaya masa abin da zai zama suna da yawa, mai sauraron sa ne babu. Don haka na riƙa amfani da kalmomin da shi ya zaɓa wa kansa. Isuhu ba ya son barin salla, ba ya son rabuwa da mutuminsa, kuma bai shirya gaya wa danginsa ba. Ban tura shi ko ɗaya daga ciki ba. Mun yi aiki kan fargabar da ke shaƙe shi duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara a gaban yayansa, da abin da zai ce idan aka tayar da maganar aure. Wata uku, barci ya fara dawowa.

Sai Asabar ɗin. Na je shagon Hajiya Rabi sayen atamfar biki. Ita ma 'yar Nijar ce, na shekara biyar ina ciniki wurinta, ta san ina aikin masu damuwa. Ban taɓa sanin ita ce matar yayan Isuhu ba. Ina shiga, ga shi yana sauke mata kwali. Kafin in yi tunani na ji kaina na ce, "A'a, Malam Isuhu, ina wuni?"

Ya daskare da kwalin a hannu. Hajiya Rabi ta dube ni, ta dube shi.

"Ashe kun san juna? A ina kika san ƙanen maigidana?"

Ba ni da ikon faɗin gaskiya, kuma ban iya haɗa ƙarya nan take ba. Shi ne ya ce, "A filin jirgi, Yaya. Na taɓa nemo mata jakarta." Ya ajiye kwalin, ya ce zai duba mota, ya fita. Hajiya Rabi ta bi shi da kallo, ta ce, "Yaron nan ya rame. Ke da kike wannan aiki, da kin duba mana shi." Na ce ba a yin haka a shago, na ɗauki atamfar da ban ma duba launinta ba, na biya na fito.

Ranar Litinin da safe na shiga ofishin Misis Doris kafin ta cire kwat. Ƙa'ida ita ce, duk abin da ya taɓa sirrin wanda muke gani, ko ba ka faɗi komai ba, sai ka sanar da sufabaiza, ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Na rubuta. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma ba ta ce ba komai ba. Ta ce na karya alkawarin da na ɗauka da bakina, kuma shi kaɗai ne zai faɗi girman ɓarnar.

Ranar Laraba, ranar zuwansa, bai zo ba. A fom ɗinsa ya rubuta cewa a kira shi da rana kawai, lokacin da yake wurin aiki, kuma kada a bar saƙo. Na kira sau ɗaya, bai ɗauka ba. Larabar da ta biyo ma kujerar babu kowa. Na sake kira sau ɗaya, shiru. Na roƙi Misis Doris ta bar ni in bi ta shagon, in ji ko lafiya.

"Ki je ki ce me?" ta tambaye ni. "Duk abin da za ki yi a can, don ki samu sauƙi ne ke, ba don shi ba."

Makonni biyun nan ban ji daɗin abinci ba. Na riƙa tunanin ko an tsare shi da tambaya, ko an kore shi daga gidan, ko ya shiga halin da muke tsoro ga wanda ya ga asirinsa na shirin tonuwa.

Laraba ta uku, ƙarfe biyu daidai, mai karɓar baƙi ta kira ni ta ce mutumina ya iso. Ya shigo da rigar aikinsa, ya zauna.

"Isuhu, na yi maka alkawari na karya. Laifina ne, ba ni da uzuri. In kana so a canja maka wani, yau zan cika takardar."

"Na yi hushi, Hajiya," ya ce. "Na ce ba ni ƙara randebu da ke." Zaman ganawarmu yake nufi. Ya murza hularsa. "Juma'a biyu ina zuwa masallaci ina duban huskokin mutane. A gida ina sauraren muryar yayana. Jira nake magana ta zagayo ta same ni. Kin san mutanenmu, kwana uku ya isa. Ba ta zo ba."

"Hajiya Rabi fa?"

"Ita ba ta yarda da zancen jaka ba. Ta tsare ni a kicin, na ce mata ina ganin ki saboda rashin barci. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Ta ce madalla, ba za ta gaya wa maigida ba, in ci gaba da zuwa." Ya ɗan yi dariya. "Shekara nawa ban faɗa wa wani a gidanmu gaskiya ko guda ba. Ban mutu ba."

Numfashin da na sauke, shi ma ya ji shi. Ranar muka zauna muka tsara abin da kowa zai yi in mun sake haɗuwa, kuma na daina zuwa shagon har muka gama aiki da shi bayan shekara guda. Ya tafi yana barcinsa, yana sallarsa, yana tare da mutuminsa, a ɗakin da ya kama na kansa. Maganar gaya wa danginsa na hannunsa, kuma ban san inda ta kwana ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki kyakkyawar zuciya ba ta isa ba. Mu da muka fito daga al'umma ƙarama, inda kowa ya san mai shagon kowa, ladabin da aka raine mu da shi ma yana iya tona mutum. Waɗanda ke zuwa mana sun shekara suna auna kowace kalma kafin su furta ta, don haka mu ma sai mu auna tamu, a ofis da kan titi. In kuma kun yi kuskure, kuma za ku yi, ku rubuta shi, ku amsa shi a gaban mai shi, sannan ku bar masa kujerarsa da ranarsa. Shi zai yanke ko ya dawo.