Kwaɗon Gindin Randa

Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar randa, wannan sanyin ƙasa da ke tasowa daga gindinta, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Shekarata takwas a lokacin, muna gidanmu na unguwar Zongo. Damina ta yi nisa, tsakar gida kullum a jiƙe. Inna tana sayar da atamfa a babbar kasuwar Rood Woko. Da safe take hawa mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinta, ta tafi, ta bar mini ƙanena da bai daɗe da fara rarrafe ba. Kaka, mahaifiyar Baba, tana gida, amma gwiwoyinta sun gaji, daga kan tabarma take mulkinta.

Wata rana bayan azahar ruwa ya ɗauke. Na sauke yaron a inuwa, na leƙa ƙofar gida inda ƙawayena ke wasa a kududdufi. Wallahi ban daɗe ba. Sai na ji wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba.

A gindin randa na same shi, yana murzar idanu da hannu biyu. Kusa da shi wani ƙaton kwaɗo mai ƙuraje a baya ya kumbura jiki ya zauna, ko motsi bai yi ba. Wani farin ruwa kamar nono ya tsattsafo a bayan idanunsa, irinsa kuma na gani a tafin hannun ƙanena.

"Kawo shi nan! Ɗauko buta!" in ji Kaka.

Ta matse shi tsakanin ƙafafunta, ta buɗe masa ido da yatsu, ni ina zuba ruwa. Buta uku muka ƙarar. Idanun sun yi ja jawur, sun kumbura, miyau na dalala daga bakinsa. Kawu, da muke gida ɗaya da shi, ya bar keken ɗinkinsa a zaure, matarsa ta rungume yaron a bayan mobilet ɗinsa, suka nufi dispanser, ɗan asibitin unguwa.

Da suka tafi na ɗauko taɓarya na nufi kwaɗon.

"Ajiye," Kaka ta ce. "Dubi ƙafafunsa, ina zai je da su? Burduddugi, kwaɗon ruwan da maƙwabtanmu ke kamowa a baraj, can madatsar ruwa, tsalle ɗaya yake ya ɓace, shi ya sa ba ya buƙatar ɗaci, har miya ake yi da shi. Wannan kuwa duk ƙarfinsa wajen tara dafi ya tafi. Da wuya Allah ya haɗa wa halitta guda biyun."

Na ajiye, amma ban fahimce ta ba. Abu ɗaya ke kaina: na makantar da ɗan Inna. La'asar ta wuce. Duk mobilet da ta gifta sai na miƙe. Sai dab da magariba suka dawo. Likita ya ce wankin da aka yi da wuri ne ya taimaka, ya ba da maganin ɗigawa. Kwana uku yaron bai buɗe ido sosai ba, a na huɗu ya kalle ni ya yi dariya. Inna ba ta dake ni ba. Da ta daka, ina jin da na fi samun sauƙi.

Daga ranar na daina sauke shi. Da goyo nake shara, da goyo nake wanke-wanke, da na dawo daga lakwal, wato makaranta, zani nake fara nema. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Sa'anninsa a unguwa suka fara tafiya, shi ko tsayuwa bai yi ba, ƙafafunsa sirara suna reto a kwankwasona. Na ji Inna tana tambayar Baba ƙasa-ƙasa ko ciwon nan mai shanye ƙafa ne ya taɓa yaron. Tsorona ya ninku, na ƙara ɗaure zani.

Wata safiya Kaka ta kira ni.

"Kwance shi."

"Kaka, akwai kunama, akwai..."

"Akwai. Kwance shi. Kin tsare shi daga kwaɗo, kin kuma tsare shi daga tafiya."

Na kwance shi. Ya dafa turmi ya miƙe, ya faɗi, leɓensa ya fashe. Na zabura, Kaka ta damƙe wuyan hannuna. Ban san tsohuwar tana da wannan ƙarfin ba. Ya yi kukansa ya gaji, ya sake dafa turmin. Kafin ruwan farko ya sauka yana bin kaji da gudu.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. An shafe tsakar gidan da siminti. Ƙanena yana gyaran babura a unguwar Dassasgho, idanunsa garau, bai ma tuna komai ba. Ni kuwa ina unguwar Wemtenga, 'yata ta fara rarrafe a ɗakin da nake gogewa sau biyu a rana, ko kiyashi babu. Duk da haka, da ta nufi ƙofa sai in ji na miƙa hannu wajen zani. Babu mai riƙe ni yanzu, sai in riƙe kaina. Ba kullum nake iyawa ba.