Jakunkunan kan gero

A shekarun fari, lokacin da soji ke riƙe da ƙasa, ina ɗinki a Sabon Gari. Wata rana wani injiniyan gona, Kirista ɗan Tsibiri, ya jingine mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, a bakin rumfata, ya ce in ɗinka masa ƙananan jakunkuna na farin ƙyalle, dogaye kamar hannun riga.

Gero yake nema mai saurin nuna, wanda zai yi ido ko damina ta gajarta. Ya yi shekaru yana zaɓe a gonar gwaji ta Jiratawa. Yakan rufe kan geron da jaka kafin ya yi bununi, don kada iska ta kawo na wata gona ya gauraya. In an kware, wahalarsa ta tashi banza.

Ruwa ya ɗauke, aka yi roƙo bai sauko ba. Sai magana ta bazu cewa mutumin nan ne ya ɗaure hadari a jakunkuna. Ranar da na kai masa sauran ɗinkin, na tarar da jama'a a bakin gonar, liman na gaba.

Liman ya kwance jaka ɗaya, ya leƙa ciki, ya shinshina. "Yallaɓai, wace irin laya ce ba rubutu?"

"Baba, hula ce na sa wa gero."

"Mu kanmu a rana, gero da hula!"

Wasu suka yi dariya, amma masu yunwa ba su yi ba. Injiniyan ya durƙusa. "Ku kwance rabi, Baba. In ruwa ya zo, ni da hannuna zan kwance sauran."

Aka kwance rabi, yana tsaye yana kallo. Allah bai kawo ruwan ba sai da ya ga dama, kuma ba wanda ya sake taɓa gonar.

Daga rabin da ba a kwance ba irin ya fito. Bayan wasu shekaru muka ji a rediyo an ba shi babbar lambar ƙasa ta binciken kimiyya a Yamai, shi da wata likita. Da ya dawo ya je gaida liman. Tsohon ya juya lambar a tafinsa, ya ce, "Madalla. To ina rabinmu?"

Injiniyan ya fita, ya shigo da buhun iri a kafaɗa.