Baba Kuwabara da Littafin Matarsa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, Baba Kuwabara Shigeji ya rasu a gidansa da ke garin Sakata, yana da shekara tamanin da uku. 'Yarsa Natsue ce ta kira asibitinmu ta sanar da mu.

Baba, ni ce mai koyar da gani da aka haɗa ka da ita bayan tiyata. Ka zo mana tsakiyar ganinka ta mutu a ido biyu, gefe kawai ya rage. Likita ya yi maka bayani: zai dasa madubin ƙara girma, ƙanƙane kamar ƙwayar wake, a idon dama. Wannan idon zai rasa ganin gefe, na hagu shi zai riƙa yi maka jagora wajen tafiya. Natsue ta ji tsoro, ta roƙe ka ka haƙura. Ka sa hannu.

Wata biyu na farko sun yi maka wuya. Ka kifar da shayi, ka ci karo da ƙofa, ka gaida sandar rataye riga. Ka ce min, "Malama, kin taɓa ganin tsoho mai ido biyu da ba sa ga maciji da juna?" Duk da haka ba ka taɓa fashin zuwa ba.

Sai a wata na huɗu na san dalili. Marigayiya matarka, Mama Tokiko, ta bar littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum. Shekara shida yana cikin aljihun tebur, ka hana kowa ya karanta maka.

Ranar da ka iya haɗa layi guda, na tambaye ka me ta rubuta.

"Faɗa take yi min, 'yar nan," ka ce. "Wai na cika gishiri a miya. Shafi arba'in, ina jin duk ni ne."

Shafi ɗaya kake karantawa a mako, don kada ya ƙare da wuri. Natsue ta ce ka kai ƙarshensa a watan Satumba, ka rufe, ba ka faɗa wa kowa abin da ke shafin ƙarshe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Natsue da 'ya'yanta, da ƙanenka Baba Tomeo. Allah ya ba su juriyar wannan rashi. Kai kuma Baba, Allah ya yi maka rahama, ya sa ka huta.