Maiƙon Hannun Inna

Kowace shekara, da an sauko daga Mina, ɗakinmu na unguwar Tandabawi a Makka sai ya ɗauki ƙaurin kitse. Inna takan kwaso kitsen ragunan hadaya da alhazai suka bari, ta narka, ta ɗura a gwangwanaye don masu tuya. Ko da toka ta wanke, hannunta ba ya rabuwa da maiƙo. Ga ciwon gwiwa, in za ta tashi daga gaban murhu sai ta dafa bango, kullum wuri guda. A hankali tafinta ya fito a jikin bangon, har da karkataccen ɗan yatsanta.

Zazzaɓi ya ɗauke ta a shekarun alif ɗari tara da sittin, ina yarinya. Ba ta bar hoto ba, kabarin Makka kuwa ba a sa masa suna. Wannan tabon kaɗai ya rage mana.

Mai gidan, wani Balarabe mai tsabtar tsiya, ya leƙo ya yatsine fuska.

"Ya hajji, wannan ƙazanta ce," ya ce wa Baba. "A shafa nura, halas." Wato farar ƙasa, shi ke nan.

Baba da kansa ya shafe tabon da farar ƙasa. Na yi kuka har na shiɗe, na daina gaishe shi.

Da zafi ya tsananta, wata rana da hantsi na ga inuwa a bangon. Kafin Juma'a yatsun sun fito. Wallahi ina tsoro kuma ina murna. Goggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Yaya, a yi mata sadaka, ba ta kwanta ba." Aka yi sadaka, aka ƙara shafe. Hannun ya dawo.

Mai gidan ya ce a kankare. Baba ya ɗauki wuƙa ya tsaya gaban bangon, ya daɗe.

"Baba, kankarewa za ka yi?"

"Jeki ɗebo ruwa."

Da na dawo, ya rataye dardumar Inna a wurin, idanunsa jajir. Haka muka zauna da ita a bayan darduma har muka bar gidan, daga baya aka rushe shi.

Na sani, maiƙo ne kawai ke huda farar ƙasa. Amma jiya ina tashi daga gaban tukunya gwiwa ta ƙi, na dafa bango. Da na janye hannun, na kasa duban wurin.