Shahon da Ummi Ta Sa a Rijiya

A kan rufin gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka kakata Iya take hura gawayi bayan magariba, ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta. Da ƙafa ta zo Makka daga ƙasar Sakkwato. Takan ce, "Ga ta nan ta sha hanya," mu ce, "Ta sauka mu ji."

Tatsuniyar kurciya ta fi so. Fari ya kori kurciya daga gida, ta keta daji da hamada, ta binne ƙanwarta a rairayi, har ta isa wata rijiya mai daɗin ruwa. Ta sha, ta yi hamdala. Nan Iya take tsayawa.

Wata rana tari ya hana ta magana, mahaifiyata Ummi ta karɓa. Ita a nan aka haife ta, amma ba ta taɓa samun igama, takardar izinin zama, ba, kullum cikin tsoron masu duba takardu take. Kurciyarta daga bakin rijiya ta fara. Akwai shaho yana gadin ruwan, yana tambayar kowane tsuntsu shaidar izini. Kurciya sai laɓewa cikin ƙaya, in ya juya baya ta saci kurɓi ɗaya.

Iya ta buga mafici a ƙasa. "Ke Hadiza, wa ya sa shaho a rijiyata? Kin taka hamadar ne?"

"Ban taka ba, Iya. Amma ni ke fita cefane."

Ni kuwa, da bakina da ba ya shiru, na ce, "Ummi, ke ba ki iya ba." Har ta koma ga Allah ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba.

Sai da na yi furfura na shiga ajin manya a unguwar Rusaifa na koyi karatu. Autata Ruƙayya tana karanta adabin Jamusawa. Rannan take ce min, da irin kiran da 'ya'yan Makka ke yi wa uwa, "Yumma, marubutansu tsara-tsara ake bin su. Waɗanda suka ga yaƙi, kango da yunwa suka rubuta. 'Ya'yansu suka taso suna tuhumar iyaye, kuna ina aka yi ɓarnar nan? Jikoki kuma suna tambayar ina ne gida. Ba a cewa wani ya ɓata na wani."

Zuciyata ta tafasa. Wato a can, in ɗa ya faɗi abin da ubansa bai gani ba, littafi ake buga masa, a karantar a jami'a. Uwata ta faɗi nata, aka buga mata mafici, ni da ta haifa na taya. Iya ƙishirwa ta sani, Ummi tsoro. Wacce ta yi ƙarya?

Na ɗauki biro, da wannan rubutun nawa mai kama da tonon kaza, na rubuta tatsuniyar sau biyu, kowacce da sunan mai ita a sama. Ta Ummi na sa a gaba.

Ruƙayya ta karanta, ta ce, "Taki fa, Yumma?"

Na ce, "Tawa kurciyar ba ta laɓewa. Gaban shaho take tsaye, tana tambayarsa ko ubansa ne ya haƙa rijiyar."