Bangon da Yayana Ya Roƙa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma har yau ban yi masa kukan kirki ba. Idan watan ya zagayo sai in zauna in jira wani abu ya motsa a ƙirjina. Shiru.

Manomi ne a ƙauyenmu kusa da Kamlin a Sudan, yana noman auduga da dawa a hawasharsa, wato gonarsa ta ban ruwa. Shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya. Ciwon daji ya kama shi a ciki. Duk dawowarmu daga asibiti a Madani sai amai, ko kunu ba ya zama. Mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai ya koma ni nake juya shi a kan gado.

Wani ɗan ƙwadago da ya taɓa yi masa aiki ya zo dubiya, ya raɗa masa cewa tabar wiwi tana kwantar da amai, tana sa a ci abinci. A Larabcin Sudan bango ake ce mata. Mu kuwa a Hausarmu bango na ɗaki ne.

Wata rana da hantsi ya kama hannuna. "Isa, alek Allah, don girman Allah, taimake ni da bango. Na gaji, halas, ƙarfina ya ƙare."

Na gane sarai. Amma na tuna 'yan dubiya, na tuna masallaci, na tuna ƙauyenmu da ba a rufa magana. Sai na ce, "To, Yaya." Na ɗaga shi, na sa masa matashi, na jingina shi da bangon ɗaki. Ya daɗe yana kallona. "Shi ke nan, ya yi," in ji shi. Bai sake tambaya ba har ya cika bayan mako uku.

Yanzu ina ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe likitoci suna fitar da magani daga ganyen, suna ba masu irin ciwonsa don amai da zogi. Na tambayi wata likita 'yar garinmu. Ta ce ba ya warkar da ciwon, ba kowa yake yi wa amfani ba, kuma wanda ake saya a ɓoye ba shi da awo. So take ta sanyaya mini zuciya. Na yi godiya, ban ji komai ba.

Da Haruna zai ji wannan labari, na san dariya zai yi, ya ce ashe ɗan ƙwadago ya riga likitoci karatu. Maganata kuwa ba zai tayar ba, don bai iya kunyata mutum ba.

Ya bar 'ya'ya huɗu da gona da suna mai kyau. Har gobe a ƙauye ana cewa ya yi jinya da haƙuri, bai taɓa neman abin da za a zarge shi ba. Idan an faɗa ina gyaɗa kai. Na daɗe ina gaya wa kaina mutuncinsa na tsare ran nan. Nawa na tsare.