Hancin Kawu a Bangon Tela

Ina da shekara ashirin da biyu lokacin da na zama mai zane a Dakoro, don kawai babu wani. Ni ke zana kawunan mutane a allon masu aski, da kaji a jikin butik, wato kanti.

A shekarar ne wani Buzu, malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Rumbu, ya nemi auren taubashiyata. Tana son shi, shi ma haka. Kawu, mahaifinta, ya kafe. "Fari dai kamar an wanke shi da toka," in ji shi. "Kuma su matansu ke juya su. Ba da ɗiyata ba."

Abin ya ci mini rai. Na roƙi wani abokina tela ya ba ni bangon shagonsa, wanda ke kallon hanyar kasuwa. Kwana uku ina kan benci da fenti. Na zana Buzu da rawani yana daka gero, matarsa baƙa wuluk tana kishingiɗe a tabarma tana shan shayi, suna yi wa juna murmushi.

Ban san cewa hanci guda kaɗai hannuna ya iya zanawa ba, wato na dangin uwata, irin na Kawu. Ranar kasuwa, tun kafin hantsi, mutane suka cika gaban shagon.

"Kai, wannan ba Alhaji mai gujiya ba ne?"

"Shi ne! Yaushe ya koma Buzu?"

Wata tsohuwa ta ce riƙon taɓaryar bai yi ba, a gaya wa Alhaji ya ƙara buɗe ƙafa.

Da azahar sai ga Kawu, wato Alhaji mai gujiyar, da bokitin farar ƙasa, matarsa na biye. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Ɗan nema, ni ka mai da abin dariya?"

"Wallahi Kawu, ba kai ba ne. Hannuna ne ya kuskure."

Ya tsoma tsintsiya a bokiti, sai matarsa ta riƙe mishi hannun riga.

"Alhaji, bar mini shi. Shekara talatin, nan kaɗai na taɓa ganin ka taimake ni."

Matan da ke wurin suka saki guɗa. Kawu ya ajiye tsintsiyar, ya ce aƙalla in ɓoye fuskar. Na hau benci na ja rawanin har ƙarƙashin idanu, yadda Buzaye ke yi. Aka ce yanzu ne ma ya fito sak, Alhaji yana jin kunyar surukai.

Ba zan ce zanena ya ɗaura auren ba. Ƴan uwan Kawu ne suka yi ta zarya har bayan girbi kafin ya sauko. Amma ranar ɗaurin aure ya kira ni gefe ya ce in zan sake zana shi, in ɗora shi a kan doki.